Shan Kwana da Lafiyar Ƙugu: Type R, GTI da GR Yaris a Faifai

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Mu ukun ne dai, ni da Injiniya da Auta. Tun da muka saki shirin da ya wuce saƙonninku ba su tsaya ba, kuma duk a kan magana ɗaya ce da Injiniya ya jefa yana shirin miƙewa.

Auta: Wai Golf GTI motar dattawa ce.

Injiniya: Ban ce dattawa ba. Cewa na yi motar wanda ya fara jin ƙugunsa ce.

Auta: Yaya, ai duk ɗaya ne.

Hajiya: To yau za a kashe maganar. Motoci biyar muka rubuta: Civic Type R ta Honda, Golf GTI ta Volkswagen, GR Yaris ta Toyota, i30 N ta Hyundai da Megane RS ta Renault. In mun gama kowa zai jera nasa, wacce ta fi shan kwana, wacce ta fi daɗin zama. Injiniya, don Allah a taƙaice.

Injiniya: A taƙaice, tambayar ce ba ta yi ba.

Hajiya: An fara.

Injiniya: A'a, ki bari ki ji. Yawancin waɗanda suka rubuto sun ɗauka in mota tana riƙe hanya a kwana, dole ta zama mai tauri, in kuma tana da laushi, dole ta yi ta lilo. Ba haka abin yake ba. Taya ba ta riƙe kwalta sai tana taɓa ta. Motar da aka ɗaure ta yi tauri fiye da kima, da ta hau gargada a tsakiyar kwana sai tayar ta yi tsalle, kuma a ɗan lokacin nan da take sama ba ka da sitiyari, ba ka da birki, ba ka da komai. Wato abin da ke dukan ƙugunka shi ne dai yake ƙwace maka hanya. Sifirin aikinsa ɗaukar nauyin mota. Shokozoba kuwa ita ke cewa ga saurin da za ka lotsa, ga saurin da za ka dawo. In an dace da shokozoba mai kyau, za ka iya sa sifirin mai tauri motar kuma ba za ta wahalar da kai ba. In ba a dace ba, ko sifirin mai laushi ka sa, sai ta riƙa jijjiga ka tana kuma lilo, ka yi biyu babu.

Auta: To wacce aka dace da ita?

Injiniya: Type R ta yanzu, FL5, wadda ta fito a 2022. Kuma zan ba ku hujjar da kowa zai iya lissafawa da kansa. Wadda ta gabace ta, FK8, tana kan wili inci 20 da taya 245/30. Wannan 30 ɗin kashi talatin ne cikin ɗari na faɗin tayar, wato gefen tayar milimita 73 da rabi ke nan. Da Honda ta zo yin sabuwar, sai ta sauko zuwa inci 19, ta faɗaɗa tayar zuwa 265/30. Gefen ya zama milimita 79 da rabi. An ƙara roba a ƙasa mai taɓa kwalta, an ƙara roba a gefe mai shanye duka. Lokacin da kowa ke ƙara girman wili don hoto ya yi kyau, su suka rage.

Hajiya: Milimita shida kake yi wa wannan wa'azin?

Injiniya: Hajiya, a gefen taya milimita shida ba wasa ba ne. Ita ce ta farko da ke haɗuwa da rami kafin sifirin ya san abin da ake ciki. Sannan duk abin da ke ƙasan sifirin, wili da taya da birki, in ya yi nauyi shokozoba ce ke shan wahalar tsayar da shi. Ƙaton wili ado ne kawai.

Auta: Ni dai ina son ƙaton wili.

Injiniya: Na sani. Shi ya sa ba a tambaye ka ba.

Hajiya: To tsaya, ni bari in kare GTI tunda ba mai kare ta a ɗakin nan. Duk wannan lissafin naka na ji, amma daɗin zama ba a rami kaɗai yake ba. Taya mai faɗin 265 tana da ƙara, kuma masu gwajin motoci sun sha faɗar haka a kan Type R, in an hau babbar hanya rurin tayar na shigowa ciki. Tankinta lita 47 ne, ga inji mai ƙarfin doki 329, ke nan kana yawan tsayawa shan mai. Kujerun baya mutum biyu kawai aka yi wa wuri a wasu kasuwannin. Ga giyar manuwal kaɗai, ba zaɓi. Ka shiga cunkoso da kuloci ka gaya mini daɗi. GTI kuwa kana shiga ka manta da ita. Doki 265 a ta 2024, giyar DSG tana canza kanta, in ka ɗauki mai shokozobar DCC kana da mataki 15 daga laushi zuwa tauri. Da safe ta kai ka aiki ba hayaniya, da yamma ka matsa ta ta amsa.

Injiniya: Kin ji abin da kika ce? Kana shiga ka manta da ita. Ni kuwa abin da nake ƙi ke nan.

Hajiya: Ai ba laifi ba ne. Tun 1976 abin da aka yi ta don shi ke nan, mota ɗaya ta yi maka aiki biyu.

Injiniya: Ta 1976 kilo 810 ce da doki 110. Wannan ba ka manta da ita, kowane ɗan tsakuwa kana jin sa a hannu. Ta yanzu ta ƙware, ban musa ba, dif ɗin gabanta, wato abin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu, mai kulle kansa da lantarki, yana jan hancin motar cikin kwana da kyau. Amma sitiyarin ba ya gaya maka komai sosai. Kana ba da umarni, tana bi, shi ke nan. Mataki 15 kuma, ku gaya mini gaskiya, wa ke zama yana zaɓa tsakanin na tara da na goma?

Auta: Anti za ta zaɓa.

Hajiya: Zan zaɓa mana. Na biyu daga ƙasa, in bar shi a nan har abada.

Injiniya: To kin ga, mataki ɗaya kike buƙata, an sayar miki da 15.

Auta: Amma dai sun dawo da maɓallai a sitiyari.

Hajiya: Sun dawo da su a 2024, bayan mutane sun yi ta ƙorafi a kan na shafawar nan da aka sa wa Golf ta takwas. Kana juya sitiyari tafin hannunka ya goga, sai ka kunna abin da ba ka yi niyya ba.

Injiniya: Suka dawo da maɓalli suka ɗauke giyar hannu. Kan giyar nan mai kamar ƙwallon golf, wanda aka san GTI da shi tun farko, ya tafi da manuwal ɗin. Saura yadin kujera mai layi-layi kawai.

Auta: To ni ku ba ni dama in yi maganar tawa, tunda ku biyun kun raba gari.

Hajiya: Bismillah, Auta.

Auta: GR Yaris. Ita ce kaɗai a jerin nan da ba a ɗauko motar gida aka ƙara mata ƙarfi ba. Toyota ta gina ta ne saboda gasar tseren rali ta duniya, ta fito a 2020. Ƙofa uku, rufin kabon, silinda uku lita 1.6, doki 261 a Turai, kuma ƙafa huɗu ke ja. A ta farkon kana murɗa maɓalli ka raba ƙarfin, 60 gaba 40 baya, ko 30 gaba 70 baya, ko rabi da rabi. Nauyinta wajen kilo 1,280. In an yi ruwa, ko hanya ƙarama ce mai lanƙwasa, Type R sai dai ta hango bayanta.

Injiniya: A jiƙaƙƙiyar hanya na yarda. Type R ƙafa biyun gaba ne ke ja kuma su ke juyawa, in kwalta ta jiƙe ka taka totur da wuri a giya ta biyu, tayoyin za su yi ta juyi a banza. Yaris kana takawa tana tafiya. Amma zo mu yi maganar zama. Tazarar ƙafar gaba da ta baya a Yaris wajen mita 2.56 ce, a Civic ta haura mita 2.7. Guntuwar mota in ta hau tudu, gaba bai gama sauka ba baya ya hau, sai ta riƙa yi maka sallama da kai. Shokozobarta kuma ba ta canzawa, yadda aka saita ta a masana'anta haka za ka zauna da ita. Sannan kujerar direba a ta farkon ta yi sama da yawa, madubin tsakiya da allon dashbod suna tare maka gani. Toyota da kanta ta gyara a 2024, ta sauke kujerar da milimita 25, ta sauke saman dashbod da milimita 50.

Auta: Ta kuma ƙara doki ya kai 280, ta kawo otomatik mai giya takwas.

Hajiya: Ni tambaya ɗaya gare ni. Wa zai zauna a baya?

Auta: Anti, kar ki fara.

Hajiya: A'a, tambaya ce. Mu uku ne. Injiniya ba ya ba kowa tuƙi. Ni ba na zama a baya. Saura wa?

Injiniya: Saura mai motar.

Auta: Wato ni zan sayi mota, ni kuma za a naɗe a baya?

Injiniya: Haka tsarin yake. Auta ai baya aka san shi da ita.

Hajiya: Ga rufin ya gangaro ta baya saboda iska ta samu ta kai ga fiffike. Wuyanka zai koyi ladabi.

Auta: Sai in shiga but.

Injiniya: But ɗin lita 174 ne, kuma batir na ƙarƙashinsa. An riga ka.

Hajiya: Ka ga, ko batir ya fi ka samun wuri.

Auta: Masu sauraro ku shaida, da raina ake raba gadona.

Injiniya: A Civic but ɗin lita 410 ne. Can za ka miƙe ƙafa, har mu ba ka matashi.

Auta: Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hajiya: A Golf kuwa kujera za mu ba ka kamar ɗan Adam, da ƙofarka ta kanka. Ka yi tunani da kyau kafin ka zaɓi ɓangare.

Auta: Wannan cin hanci ne a bainar jama'a.

Injiniya: In Megane Trophy-R ce ma, wato Megane RS da aka rage wa nauyi, ba maganar. Babu kujerar baya gaba ɗaya, an cire. Sai dai mu bar ka a gida ka jira labari.

Auta: To wannan ta fi mutunci. Gara a ce ba wuri da a ce ga wuri ashe ba wuri.

Hajiya: Yauwa, tunda ka ambaci Megane, mu taɓa rigimar da ta fi cika mana akwatin saƙo. A zagaye filin tseren Nurburgring, masu Renault sun ce minti 7 da daƙiƙa 40, masu Honda sun ce minti 7 da daƙiƙa 44, amma kuma Honda ke cewa ita ta karya tarihi. Ta yaya 44 ta fi 40 sauri?

Injiniya: Saboda ba tsawo ɗaya aka auna ba. Da'irar Nurburgring a Jamus, da can ana barin wani ɗan yanki na wajen tashi ba a lissafa shi, sai ya zama kilomita 20.6. A kan wannan Megane Trophy-R ta yi 7:40.1 a 2019. Cikakken zagayen kuwa kilomita 20.8 ne, a nan ta yi 7:45.389. Type R ta zo a 2023 ta yi 7:44.881 a cikakken. Rabin daƙiƙa ke nan a tafiyar kusan minti takwas. Kuma duka biyun ba yadda kai za ka yi yawo da su aka kai su ba. Renault ta cire kujerun baya, ta cire har na'urar juya ƙafafun baya da Megane RS ta saba zuwa da ita don a rage nauyi. Honda ma wadda aka rage wa kaya ta kai, a kan tayoyin Cup 2 masu danƙo, waɗanda ba a so ka haɗu da ruwan sama a kansu. To mutum ya zo yana zagin ɗan'uwansa a kan rabin daƙiƙar da ƙwararren direba ya samo a hanyar da aka rufe masa shi kaɗai.

Hajiya: Kai da motarka ce ta ci, kake rage mata daraja?

Injiniya: Ba don wannan nake son ta ba. Ina son ta ne don abin da take yi a gudun da ni da ke za mu iya. Mota mai jan gaba in ƙarfi ya yi mata yawa, da ka taka totur sai sitiyari ya riƙa fizgar hannunka hagu da dama. Maganin da suka samo shi ne a raba wurin da ƙafar ke juyawa da sandar shokozoba, a matso da layin juyawar kusa da tsakiyar taya. Renault ta daɗe tana yi, Ford ta yi a Focus RS ta 2009 mai doki 305, Honda ma shi take yi. Ka haɗa da dif na ƙarfe zalla, ba kwamfuta. Kana tsakiyar kwana ka taka, maimakon hanci ya zarce waje sai ka ji an ja shi ciki. Ga giyar, gajeriyar tafiya, kan almini, tana shiga da ɗan ƙas. Ga kujerar nan ja, tana ƙasa, ta riƙe ka ta gefe ba tare da ta matse ka ba. Kujera rabin daɗin zama ce, mutane ba sa lissafa ta. In kujera ba ta riƙe ka ba, da gwiwa da sitiyari kake riƙe kanka a kowace kwana, shi ya sa kake sauka a gajiye ka ɗora wa shokozoba laifi.

Auta: Kan alminin nan dai in rana ta buga shi sai ka nemi ƙyalle.

Injiniya: Wannan kuma tsakaninka da inuwa.

Hajiya: Saitin +R na Type R ɗin fa, mafi zafin nan? Shi ma laushi ne?

Injiniya: +R na filin tsere ne, a hanya ta yau da kullum hauka ne. Abin da FL5 ta kawo da ta baya ba ta da shi, shi ne saitin da za ka haɗa da kanka: inji a mafi zafi, shokozoba a mafi laushi. Kuma ku lura, kusan duk mai irin motocin nan a nan yake ƙarewa. Masu i30 N ma haka, suna da maɓalli a sitiyari, kowa ya ajiye salansa a buɗe, shokozoba a ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mafi taurin saiti ba shi ne mafi sauri a hanya ba. Renault ma ta wata hanyar ta bi, ta sa wani ƙaramin matsi na mai a ƙarshen shokozoba, dabarar motocin rali, yadda in ƙafa ta lotsa har ƙarshe ba za ta daki roba ta dawo da ƙarfi ba, sai man ya shanye dukan. Kuma bayan Megane ɗin sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa ƙafafun biyu, tsarin da ake rainawa, amma ga abin da suka yi da shi. Peugeot 205 GTI ta 1984 kuwa, in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana nauyi ya koma gaba, bayan ya yi sakayau...

Hajiya: Injiniya.

Injiniya: ...sai ka ga inda ka fito ta gilashin gaba. Na yanzu kwamfuta ce ke...

Hajiya: Injiniya, mai haɗa mana sauti ya ɗaga hannu tun ɗazu. Minti biyu. i30 N ko gaisawa ba mu yi da ita sosai ba.

Auta: Tsohon injiniyan BMW ne ya gina ta, Albert Biermann, ta fito a 2017, tana tartsatsi a salansa, an daina sayar da ita a Turai a 2024. Na gama mata.

Hajiya: Madalla. To jeri, da sauri. Ni daɗin zama GTI, a kan inci 18, kar wanda ya taɓa ni.

Auta: Yaris a komai.

Hajiya: Har daɗin zama?

Auta: In ni ke gaba.

Injiniya: Ni ba zan jera ba sai an faɗa mini a kan wace taya, da iska nawa a ciki, don ko iskar taya kaɗai...

Hajiya: Ba lokaci. Wani ya turo tambaya tun makon jiya, wai me ya sa ba mu sa Ioniq 5 N, motar Hyundai mai lantarki, ba.

Injiniya: Don ta haura tan biyu.

Auta: Doki 650 fa, Yaya. Har canjin giya take kwaikwaya, kana jin ta tana fizga.

Injiniya: Giyar da babu ita. Da ƙarar inji daga lasifika.

Auta: Golf ma ai tana ƙara wa injinta murya a cikin mota, ba ka ce komai ba.

Hajiya: Kar ka sako Golf a wannan.

Injiniya: A'a, bar shi, ya taɓo wuri. Type R ɗin ma tana yi, kuma abu na farko da ya kamata mutum ya rage ke nan in ya shiga. Amma bambancin shi ne akwai inji a can gaba da gaske, ita kuwa waccan...

Hajiya: An kashe maka makirufo, ranka ya daɗe. Masu sauraro, mako mai zuwa za mu ɗora daga kan mai lantarkin in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo saƙo. Sai an jima.